Albasar Injiniya

Abdulrasheed ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa ɗora bulo ya faɗi ba, bai kuma taɓa jefa iri a ƙasa ya ƙi tsirowa ba. Ya ce akwai wani gida a Abuja da ya yi wa lambu, har yau Turawa na tsayar da mota suna ɗaukar hoto. A bayan gidanmu ya faɗi haka, nan Gwandu, ranar wata Talata, yana tsaye a kan baraguzan katangarmu da farin takalmi sau-ciki da hular kwano ruwan ɗorawa irin ta masu aikin gada.

Na ce, "Allah ya ƙara basira."

Ga waɗanda yau suka fara shigowa labarin nan, sunana Mubaraka, shekarata ashirin da huɗu, ni da Inna muke zaune tun rasuwar Baba. Bokona a aji uku na sakandare ya tsaya, sauran a waya da tsofaffin littattafan Baba na ƙarasa, don haka ba ni da takardar da zan rataye a bango. Abin da nake da shi lambu ne. Baba ya bar shi a bayan gida: fangali goma sha biyu, bishiyar lemun tsami ɗaya, zogale a jikin katanga, guro wato kuɓewa, tarugu, da sure wanda ku mutanen Kano kuke ce wa yakuwa. Kowace shekara in damina ta yi nisa sai in zuba irin albasa a fangali shida, in ya yi ƙwari manoman Kambaza su zo su ɗiba su kai gonakinsu su dasa. Baba ne ya koya min, tun ina tsallake fangali da ƙyar.

Shi kuma Abdulrasheed mutumin Kalgo ne, wata bakwai ke nan yana zuwa wurina zance. Ya taɓa zaman wata takwas a Abuja, ya dawo da tef ɗin awo a ƙugu da sunan Injiniya, wanda har yau ba a gano wanda ya raɗa masa ba. Kawu Sule, yayan Inna, in ya ga motarsa a ƙofar gida har hularsa yake gyarawa. Ni kuwa ban ce ina so ba, ban ce ba na so ba. Tabarma nake shimfiɗa masa a zaure, in aje ruwa, ya yi ta bayani har a kira magariba. Wata bakwai, bai taɓa tambayata me nake shukawa ba.

Ranar Lahadi da la'asar aka yi ruwan da ya kayar da katangar. Ina wanke-wanke na ji ƙara kamar tifa ta juye kaya. Katangar ƙasa ce, ta girme ni. Ta kwanta gaba ɗaya a kan lambun, ta danne zogalen, ta binne fangali takwas, ta karya wa lemun tsamin reshe biyu. Kafin in gama salati awakin maƙwabta sun shigo jaje, suka cinye abin da ya rage.

Washegari Inna ta aika aka kira Malam Yusufu magini, abokin Baba, wanda da shi aka tada katangar tun farko. Ya zagaya, ya dunƙula ƙasar a hannu, ya ce, "Abin ba wuya. Kahwar ruwa ta toshe, shi yas sa ruwa ya ci gindinta. A kafa darni yanzu a tsare awaki. In ruwa ya ɗauke mu tada ta da ƙasarta, mu bar mata kahwa nan kusurwa inda take."

Magana ta ƙare ke nan, da a ce Kawu bai ji labari ba. Ya ji, shi ne ranar Talata ya jawo mana Injiniya har cikin gida, wurin da a wata bakwai bai taɓa takawa ba.

"Darni?" in ji Abdulrasheed. "Karan dawa, Kawu? A wannan zamanin? A gidan da zan ɗauki mata?"

Kawu ya yi dariya har da buga ƙafa. "Kin ji ko, Mubaraka. Ga mutum ya kawo ilimi har gida, ke kina ta jan ƙahwa."

Na ce, "Ina gani, Kawu."

Abdulrasheed ya zaro tef ya auna iska daga nan zuwa can, ya danna wani abu a waya, ya gyaɗa kai. Ya ce bulo za a yi. Ya ce lambun ma shi zai tada shi da hannunsa, na zamani, "wanda zai fi yadda marigayi ya bar shi, don su mutanen da, Allah ya jiƙansu, da ka suke aiki."

Jama'a, nan ne bakina ya ja min. Na san kamata ya yi in shige ɗaki. Amma mutumin da ya tsaya a kan zogalen Baba bai ma san zogale ba ne, shi ne yake jiƙan Baba da irin wannan murya.

Na ce, "To, Injiniya. In ka tada lambun nan, albasa ta tsiro a fangalinta kamar kowace shekara, ka turo magabatanka. Na amince."

Kawu ya juya wurin Inna da sauri kamar za a ƙwace maganar. "Abu, kin ji da kunnenki."

Inna ba ta kama sunana, ni ce ta fari. Ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyan nan, da bakinki kika hwaɗi. Ni ba ni tashi gaban mutane in ce wasa kike."

Kuma ba wasa nake ba. A gidanmu ba a janye magana, Baba bai taɓa yi ba. Kawai dai na tabbata a raina mutumin nan ko gero ya watsa wa kaji sai ya yi kuskure.

Laraba magina uku suka iso daga Kalgo da bulo da siminti. Shi aikinsa tsayuwa a ƙarƙashin lema. Kullum da kalar shaddarsa, ga turare, ga hular kwanon a kai ko da abin da ke sama da shi gajimare ne kawai. Kafin azahar ya ɗora hoto a sitatus: "Muna kan aiki. Gwandu ta fara ganin canji." Katangar a lokacin ba ta kai gwiwata ba.

Malam Yusufu ya biyo zai wuce masallaci, ya leƙo, ya bi layin bulon da ido daga farko har ƙarshe.

"Ɗana, ina kahwar ruwa?"

"Baba, wannan tsohon yayi ne. Ta nan ɓeraye ke shigowa. Ƙasar da kanta za ta shanye ruwan, mun yi lissafi."

Malam Yusufu ya juya zai tafi. "To, Allah shi ba ƙasar ƙishirwa."

Ranar Juma'a ta mako na gaba aka gama, ranar Asabar da hantsi aka yi ruwa. Ƙasa ba ta ji ƙishirwa ba. Lambun ya cika ya zama tafki, ruwan ya rasa hanya ya juyo tsakar gida, ya shiga madafa ya kashe wa Inna wuta da tukunyar tuwo a kai. Silifas ɗina ɗaya sai a zaure na tsince shi. Na naɗe zani, na tsaya cikin ruwa har ƙauri, na ɗauki hoto na tura wa Abdulrasheed ba tare da na rubuta komai ba.

Amsa ta zo da alamar zuciya guda uku: "Gimbiyata kar ki damu. Wannan shi ake kira gwajin ruwa. Kin ga katanga ta riƙe."

Ta riƙe kam. Zuwa Litinin ta tsage daga sama har ƙasa, ta karkata wajen gidan maƙwabta. Na sake tura hoto.

"Ba faɗuwa ta yi ba, zama take yi. Duk sabon gini sai ya zauna."

Inna ba ta jira ta gama zaman ba. Ta aika wa Malam Yusufu, ya zo da guduma da ƙarfe ya huda kafa a kusurwa, daidai inda ta Baba take, ya tokare katangar da azara biyu. Ruwan ya fita yana gudu kamar an sako 'yan makaranta. Da Abdulrasheed ya zo ya ga ramin, ya tsuguna ya auna shi da tef, ya ce madalla, dama wannan yana cikin zango na biyu na tsarinsa.

Ranar na ci tuwo na ƙara. Na ce a raina an gama, sauran kawai a jira ya gaji ya koma Kalgo.

Sai ga tifa ranar Alhamis.

Baƙar ƙasa ce, mai danshi, aka juye a ƙofar gidanmu har ta toshe hanyar masu babur. Ya ce daga fadamar Kalgo ya sa aka haƙo ta, ya ce ƙasar Gwandu ta gaji, ba ta da sinadari. Na fito da gwangwanin Baba da nake adana irin albasa a ciki, wanda na ɗiba da hannuna bara na shanya. Ya duba ciki kamar na miƙa masa tsakuwa, ya zaro wata leda mai ƙyalli da rubutun da ni da shi duk ba mu iya karantawa ba.

"Irin waje ne, Gimbiya. Naki ki aje na tarihi."

Tifa ɗaya ba ta isa fangali shida ba, sai ya sa aka ja layuka aka zuba ƙasar a cikinsu kawai, ya ce haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Ya barbaɗa irinsa. Daga nan aka kafa sanduna aka lulluɓe wurin da wata koriyar raga kamar gidan sauro, aka sa wa ƙofar lambun makulli, ya jefa ɗan makullin a aljihu.

Na ce, "Ban ruwa fa?"

"Ni zan riƙa zuwa. Ba a shiga barkatai, numfashin mutane na ɗauke da cuta."

Ni da nake ban ruwa a lambun nan tun ina shekara bakwai, ni ce mai cuta a numfashi. Na ce, "Allah ya ba mu lafiya."

Ku ba shi haƙƙinsa, ya riƙa zuwa. Duk bayan kwana biyu sai ya taso daga Kalgo da jarkar wani taki na ruwa, ya shiga ya rufo ƙofa, ya fito yana goge takalmi. Kwana tara shiru. Ranar na goma da safe ina tankaɗe wayata ta yi ƙara.

Hoto ne. Rabinsa fuskarsa ce, da tabarau. Amma ta bayan kunnensa ga kore nan, layi-layi, daga farkon fangali har ƙarshe.

"Barka da safiya, amarya."

Ba zan ɓoye muku ba, rariyar tankaɗen ta faɗi daga hannuna. Na buɗe hoton na ja shi da yatsa biyu har ya dushe, ba abin da nake gani sai kore. Na je na kafa ido a tsagar ƙofar lambun, raga ta tare, kore dai. Bayan kwana biyu wani hoton, ya fi na farko cika. "Kin ga aikin ilimi?" Bayan kwana biyu wani. "Wace kala kike so a fentin ɗakinki?"

Na rubuta, "Duk wadda ta samu." Na goge. Na rubuta, "Madalla." Na tura.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ban san me zan roƙa ba. In na idar da sallah sai in zauna da hannu a buɗe. Ba zan iya cewa Allah ya kashe albasa a fangalin Baba ba, albasa ba ta min komai ba, kuma tun ranar da katangar ta faɗi ba abin da nake so kamar in ga wurin nan ya yi kore. To ga shi ya yi. Sai in tuna Kalgo, in tuna shekara arba'in ina zaune ana ba ni labarin wata takwas na Abuja, in shafa addu'ar haka nan ba tare da na ce komai ba.

Inna ta lura na daina ƙara tuwo. Tana tsince shinkafa ta ce, ba ta ɗago ba, "Ke kika ɗaure kanki."

"Na sani, Inna."

"Da kin yi shiru awa yadda kika saba, da yanzu darni na nan, kina ban ruwanki."

Ta tura min tiren ta ce in tsince sauran.

Kawu Sule kuwa kullum sai ya biyo. Shi ya tsayar da rana: Asabar bayan azahar, kwana ashirin da uku da shuka. Kun san ba a zuwa neman aure da mai neman, gida yake zama ya jira labari. Amma Abdulrasheed ya ce dole ya zo, tunda makulli na hannunsa kuma akwai bayanin da ba wanda zai iya yi sai shi. Kawu ya ce ai zamani ne.

Ranar tun safe muke madafa. Tuwon shinkafa, miyar sure da kifi, masa, fura da nono a babbar ƙwarya. Suren ma a kasuwa aka sayo, abin da ba a taɓa yi a gidanmu ba. Inna ta ciro min leshi ruwan toka da mayafinsa, ta sa na zauna ta ɗaura min kallabi da kanta, ta ja shi har sai da kaina ya sara. Na duba madubi na ga mace mai hankali wadda ba za a taɓa cewa ita ta jefa kanta a rami ba.

Magabatan nasa su uku suka zo, da ledar goro da alewa. Babbansu Baffa Haliru, yayan mahaifin Abdulrasheed, manomi ne daga Diggi. Dogon tsoho siriri, farar riga da ta sha wanki, tafin hannunsa kamar bayan ƙwarya. Ya gaisa da Kawu a zaure, aka ci abinci, aka yi addu'a. Ledar goron na gefensa, bai miƙa ba tukuna. Kawu ya ba su labarin sharaɗin da na gindaya yana dariya, ya ce to a zo a gani da ido, a kira yarinyar ma ta shaida, sai a dawo a karɓi goro.

Aka yi sallama aka ratsa tsakar gida. Na biyo su a baya, Inna ta tsaya a bakin madafa.

Ashe Abdulrasheed ya ɗaura jan ƙyalle a ƙofar lambun. Wallahi. Da almakashi ya zo a aljihu, ya miƙa wa Kawu ya yanka, ya roƙi ɗaya daga cikin baƙin ya riƙe masa waya ya ɗauka. Shadda ce a jikinsa ruwan sararin sama, an yi mata aiki har ciki, da hular kwanon a kan komai. Ya buɗe makulli, ya kama gefen ragar ya yaye ta gaba ɗaya.

Kore shar. Fangali shida, layi a miƙe, ganye na sheƙi, ya kai tsawon tafin hannu. Kawu ya ce, "Masha Allahu."

Kallo ɗaya na yi. Na ja mayafi na rufe bakina na sunkuyar da kai. Kawu ya ce, "Ku duba, kunya ta kama ta."

Abdulrasheed ya gyara tsayuwa ya fara. Ya yi bayanin sinadarin ƙasa, ya yi na raga, ya yi na takin ruwa. Ya ce manomanmu wahala kawai suke sha saboda rashin ilimi, ya ce in Allah ya yarda zai buɗe wurin horar da su kyauta, har na Diggi. Ya ce wannan albasar in ta girma ɗaya sai ta cika kwano.

Baffa Haliru ya matsa kusa. Ya tattare rigarsa ya tsuguna a bakin fangalin farko. Ya kama tsiro ɗaya ya ja a hankali. Ya fito da doguwar saiwa kamar zare, da wani ɗan baƙin ƙullutu a ƙarshenta. Ya murza ganyen a yatsa, ya kai hanci. Ya matsa fangali na biyu ya ja wani. Na uku ma haka.

"Audu."

Abdulrasheed ya waiga ya ga ko da wani ake. "Na'am, Baffa."

"Ina ka ɗebo ƙasag ga?"

"Fadamar Kalgo, Baffa. Ta musamman ce, sai da na..."

"Mi kac ce ka shuka?"

"Albasa. Irin waje ne, shi ya sa za ka ga ganyen ya ɗan bambanta."

Baffa Haliru ya miƙa wa Kawu tsiron. "Malam Sule, ganyen albasa ba rami gare shi ba, awa bututu? Duba wanga. Shinshina kuma."

Kawu ya juya ganyen, falle ne mai kaifi. Ya shinshina. Ya sake shinshinawa da ƙarfi, kamar warin zai zo in an matsa masa.

"Aya-aya ta," in ji Baffa Haliru. "Ciyawar fadama."

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san ta. Ƙullutun nan nata a cikin ƙasa yake kwana, ka cire ɗaya goma su fito. Tifa guda aka kawo min har gida. Na san shekara biyu zan yi ina tono kafin fangalin Baba su dawo, kuma duk da haka, Allah ya yafe min, mayafin da ke bakina rawa yake yi saboda dariya.

"Akwai albasar a tsakani," in ji Abdulrasheed. "Tare suke fitowa."

"To nuna muna guda."

Ya tsuguna da shaddarsa. Ya bi layin farko yana buɗa ciyawar da yatsa. Ya bi na biyu. Hular kwanon ta zame ta faɗa cikin fangali, ya bar ta. Muna tsaye har ya kai ƙarshen na shida, gwiwoyinsa sun yi baƙi. Wanda aka ba waya bai daina ɗauka ba, don ba a ce ya daina ba.

Baffa Haliru ya miƙe ya karkaɗe hannu. Ya ce wa na kusa da shi ya je zaure ya ɗauko ledar goron ya kai mota. Sannan ya dubi ɗan ƙanensa.

"Shekara arba'in ina noma, Audu. Dut damina wagga ciyawa ka karya min baya. Ban taɓa ganin wanda yaj jera ta layi-layi, yab ba ta taki, yas sa mata makulli kada a sace ba."